Natsuwa a Sallah Daga Gaɓɓai Take Farawa

Darasinmu na yau a kan abin da kusan kowace matar aure ta sani ne. Kin tayar da kabbara, amma hankalinki na kan tukunya, kunnenki na wajen yaron da ke kuka, har ki sallame ba ki san raka'a uku kika yi ko huɗu ba. Jiki na kan darduma, zuciya na madafa. To ina mafita?

'Yar'uwa, gyaran daga gaɓɓai yake farawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wani mutum da ya yi sallah a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya yi ta mayar da shi ya sake har sau uku. Sannan ya koya masa ya dakata a ruku'u da ɗagowa da sujada da zama har jikinsa ya natsu. Wannan ita ce ɗuma'nina, kuma Ahalari da muka karanta a Islamiyya ya lissafa ta cikin farillan sallah. Kin ga ke nan ba ado ba ce, rashinta na iya ɓata sallar.

Na farko, ki sallami buƙatun jiki. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) hani ga yin sallah alhali an kawo abinci, ko mutum na matse da fitsari ko bayan gida. Ki kama ruwa, ki sauke tukunya, ki miƙa goyo ga yayarsa.

Na biyu, ki yi alwala kina sane da ita. Ki ji sanyin ruwa a tafinki da fuskarki da tsakanin yatsun ƙafarki. Kafin kabbara ki tsaya, ki sauke kafaɗunki, ki ja numfashi ki fitar a hankali. Fitar da numfashi sannu a hankali na rage gudun bugun zuciya. Wannan ba ya cikin sallah, shiri ne kawai.

Na uku, a ruku'u kada ki ɗago sai bayanki ya daidaita. A sujada ki tabbata goshi da hanci da tafuka da gwiwoyi da yatsun ƙafa duk sun zauna a ƙasa. Farillan yini raka'a 17 ne, sujada 34. Duk wadda ta kuɓuce miki, ga wata nan tafe. Idan hankali ya gudu, ki dawo da shi inda goshinki yake.

Na huɗu, ki saurari gajiyarki. Anas (RA) ya ba da labarin igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci tana riƙewa idan ta gaji da tsayuwar nafila. Annabi (SAW) ya sa aka kwance ta, ya ce a yi sallah lokacin nishaɗi, in an gaji a zauna. Ke mai ciki ko mai jego, idan tsayuwa ta gagara, ki yi a zaune. Jiri ko ciwon kai da ya ƙi tafiya kuwa, ki je asibiti a auna jininki, jikin nan amana ne.

Ki fara da sallah ɗaya yau, ko da Isha'i ce bayan yara sun kwanta. Allah Ya ba mu natsuwa, Ya karɓi ibadunmu, amin.