Darasin Kiwon Lafiya: Yaron da Ba Ya Amsa Kira

Jama'a, akwai yaran da kunnensu lafiya lau, amma in an kira sunansu ba sa juyowa. Ba sa son haɗa ido da mutane. Wasu sukan wuce shekara 2 ba su fara magana ba. Wani yakan yi ta kaɗa hannu, ko ya yi ta jera duwatsu shi kaɗai. Ƙarar injin niƙa tana iya sa shi toshe kunne yana kuka.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim. A rediyo wasu na ce mata galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021, kusan mutum 1 cikin 127 yana da ita. An fi ganinta ga maza.

Me ke kawo ta?

Ƙwaƙwalwar yaron ce take girma ta wata hanya dabam, kuma gado yana da hannu a ciki. Ba aikin aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Ba a kuma ɗaukarta wurin wasa ko cin abinci tare.

Babu ƙwaya ko jiƙon da ke raba yaro da ita. Kada a sayar da tunkiya a ba mai cewa zai warkar da shi. Abin da ke taimako shi ne kulawa da koyarwa tun yana ƙarami. Da yawa sukan koyi magana da karatu da sana'a.

Abin da za a yi a gida

1. A tsara masa lokacin ci da wanka da barci. Canji ba shiri yana tayar masa da hankali.
2. A yi masa magana gajera, ana nuna abin. A ɗaga kofi a ce "ruwa". In ya gwada, a yaba masa.
3. In ya rikice, a kai shi wurin da babu hayaniya har ya huce. Kada a doke shi. Kada a ɗaure shi ko a turara masa hayaƙi.
4. In abinci ɗaya yake so, kamar kunu, a riƙa ƙara masa wake ko ƙwai ko zogale kaɗan-kaɗan.
5. Irin waɗannan yara sukan fita ba a sani ba, kuma ruwa yana jan su. A rufe bakin rijiya. Da damina a kula da kududdufi. A kula da babban titin da ya ratsa Kajiji. A sanar da maƙwabta halinsa.
6. Wasunsu suna da farfaɗiya. In ta tashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada a sa masa cokali a baki. Farfaɗiya tana da magani a asibiti.

Ina za a kai shi?

A fara da asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Shagari ko na Bodinga. A nemi a duba kunnensa. Daga nan ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Dokar Nijeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana a nuna wa mai lalura wariya. Saboda haka kada a ɓoye shi a ɗaki. A sa shi makaranta, a yi wa malaminsa bayani.

Maigida, kada ka bar wa uwa ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kaka da yayye su riƙa karɓarta ta samu ta huta. Ɗa na kowa ne. Allah Ya raya mana zuri'a.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi uku na wannan lalura.
2. Me za a yi in yaron ya rikice?
3. Waɗanne wurare ne masu haɗari gare shi a garinku?