Wankin Ƙoda ga Yara: Yadda Ake Gane Cewa Magani Yana Tafiya Daidai

An shirya wannan takarda domin iyaye da masu riƙon yaran da aka fara yi wa wankin ƙoda, ko kuma ake shirin fara yi musu. Za ta bayyana muku abubuwan da likitoci suke dubawa domin su tabbatar wankin ya wadatar, da kuma rawar da za ku taka a gida.

Mene ne wankin ƙoda?

Ƙoda tana tace dattin jini, tana fitar da ruwan da ya yi wa jiki yawa, tana daidaita hawan jini, kuma tana taimakawa wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfafa ƙashi. Idan ta gaza, wanki yana ɗaukar wani ɓangare na wannan aiki, amma ba dukansa ba. Shi ya sa ake haɗa shi da magunguna da tsarin abinci. A tsakanin yara, abin da ya fi jawo gazawar ƙoda shi ne matsalar da aka haifi yaro da ita a ƙodar ko a hanyar fitsari. Wannan ba laifin uwa ko uba ba ne.

Wanki iri biyu ne

Na farko shi ne wankin jini ta na'ura. Jinin yaro yana bi ta cikin matata ya dawo jikinsa. Galibi ana yin sa a asibiti sau 3 a mako, kimanin awa 4 kowane zama, amma ƙananan yara kan buƙaci fiye da haka. Jinin yana fita ne ta bututun da aka sanya a babbar jijiyar wuya, ko kuma ta haɗin jijiyoyi biyu a hannu wanda likitoci ke kira fistula. Wannan suna ba shi da wata alaƙa da lalurar yoyon fitsari.

Na biyu shi ne wanki ta ciki. Ana sanya bututu mai laushi a cikin yaro, sannan na'ura ta riƙa zuba ruwa na musamman tana janye shi cikin dare, yawanci awa 8 zuwa 12, yayin da yaro yake barci. A gida ake yin sa, bayan ma'aikatan jinya sun koyar da ku. An fi zaɓa wa jarirai wannan hanya, kuma tana ba yaro damar zuwa makaranta da rana.

Yaya ake auna ingancin wankin?

Girma. Yaro ba kamar babba ba ne, domin jikinsa yana kan ginuwa. Saboda haka ana auna tsawonsa da nauyinsa a kai a kai, da kewayen kan jarirai. Idan girma ya tsaya, ana iya ƙara abinci ta bututu, ƙara lokacin wanki, ko a ba da allurar sinadarin girma.

Yawan dattin da aka cire. Ana gwada jini kafin wanki da bayansa, a fitar da wani lissafi da ake rubutawa Kt/V. A wankin jini na sau 3 a mako, ana so ya kai aƙalla 1.2 a kowane zama. Yanke zama kafin lokaci ya cika yana rage wannan adadi, ko da yaro yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Yawan jini. Ga yaran da ake yi wa allurar ƙarin jini, ana neman himogulobin ya tsaya tsakanin giram 100 da 120 a kowace lita. Ga waɗanda ba su kai shekara 2 ba kuwa, tsakanin 95 da 115.

Ruwa da hawan jini. Likita zai gaya muku nauyin da ya kamata yaro ya kasance a kai bayan wanki. Haurawar nauyi da sauri alama ce ta taruwar ruwa, wanda ke ɗora wa zuciya nauyi.

Ƙashi. Ana duba fosfet da kalsiyam a jini. Maganin da ke kama fosfet tare da abinci ake shan sa. Idan aka sha shi daga baya, ba zai yi aikinsa ba.

A nan Birtaniya, cibiyoyi 13 ne suke kula da yara masu ciwon ƙoda mai tsanani. Ana tattara sakamakonsu a rajistar ƙoda ta ƙasa da ke Bristol, wadda aka kafa a 1995, domin a kwatanta aikin kowace cibiya da na sauran. Kuna da haƙƙin ganin sakamakon gwajin ɗanku, a kuma yi muku bayaninsa.

Abin da za ku yi a gida

Ku wanke hannu sosai kafin ku taɓa bututu, kuma kada ruwa ya jiƙa bandejin bututun wuya. Idan yaro yana da fistula, kada a ɗaure hannun, kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a cikinsa. Ku taɓa wurin kowace rana domin ku ji 'yar girgizar da ke nuna jini yana gudana.

Gishiri, dunƙulen ɗanɗano da kanwa suna ɗauke da sodiyam mai yawa, wanda ke sa ƙishirwa da hawan jini. Ayaba, dabino, tumatir, dankali da doya suna da fotasiyam, kuma idan ya taru a jini yana iya dagula bugun zuciya. Yanka dankali ko doya ƙanana, a dafa su cikin ruwa mai yawa a zubar da ruwan, yana rage shi. Kada ku hana yaro wani abinci da kanku. Ku gaya wa masanin abinci irin girkin gidanku, zai tsara muku abin da ya dace da ɗanku.

Kada ku ba yaro maganin gargajiya, ko wanda aka aiko daga gida, ko ibuprofen, sai da izinin likitan ƙoda.

Yaushe za ku kira mu nan take?

Ku kira sashen ƙoda, dare ko rana, idan ruwan da ke fitowa daga ciki ya yi duhu-duhu kamar an gauraya shi da madara, idan yaro yana ciwon ciki ko amai, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, idan bakin bututu ya yi ja ko yana fitar da mugunya, ko idan girgizar fistula ta tsaya. Kada ku jira gari ya waye. Idan numfashi ya yi masa wuya, ko ya suma, ko jini ya ƙi tsayawa, ku danne wurin da ke zubar da jini, ku kira 999.

Me ke gaba?

Ga yawancin yara, wanki mataki ne kafin dashen ƙoda, wanda ake iya yi idan yaro ya kai kimanin kilo 10. Uwa, uba ko wani ɗan'uwa na iya ba da ƙoda ɗaya idan gwaji ya nuna ta dace kuma lafiyarsa ta ba da dama.

Idan kuna buƙatar tafinta, ku sanar da mu kafin ranar ganin likita, za a samo muku shi kyauta. Ku rubuta tambayoyinku ku zo da su, kuma ku bar yaron ma ya yi tasa tambayar.