Yashin Kogi Ba Ya Kwana Inda Ya Wuni

Ruwa mai motsi ba ya barin yashi yadda ya same shi. A bakin teku, kamar gaɓar Legas, raƙuman ruwa ne ke wannan aiki, tare da cikowa da janyewar teku sau biyu a rana bisa jan wata. Mutanen Gaya da Ajingi ba su da teku, amma suna maƙwabtaka da Kogin Haɗeja, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, ya biyo ta Wudil ya nufi Jigawa, kuma damina da sakin ruwan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su ne ke cika shi suna rage shi.

Wanda ya duba rairayin da ruwa ya janye daga kansa zai ga ƙananan kunyoyi a jere, kamar gonar da gwanin manomi ya yi wa huɗa da gefen cokali, kowace kunya da kwarinta, ba wadda ta hau 'yar'uwarta. Inda iska ta kaɗa ruwa gaba da baya, ɓangarorin kunyar biyu daidai suke. Inda kuwa ruwa ya gudana, ɓangaren da ruwan ya fito yana da sauƙin gangara, wanda ya nufa kuma a tsaye yake, domin ƙwayoyin yashi suna hawa a hankali ne su zube ta baya.

Haɗarin yana nan, domin tsibirin yashi, wato tudun da ruwa ke tarawa a tsakiyar kogi, wannan kunyar ce ta girma. Yaro zai taka shi ruwa iya idon sawu, ya yi gaba yana dariya, sai taku guda ya kai shi bakin gangaren, inda yashin sabon zubi ne da ba ya riƙe ƙafa, a ƙarƙashinsa kuma gurbi ne, wato rami mai zurfi da ruwa ke juyawa a ciki. Tudun kuma yana tafiya, ta yadda maƙetarar da aka bi lafiya bara tana iya zama gurbi bana. Masu haƙar yashi sun ƙara wa Borno dawaki, domin ramukan da ake cika tifa daga gare su da rani ruwan damina mai laka ne ke lulluɓe su. Uban da ya tura ɗan shekara bakwai shayar da dabbobi shi kaɗai, ko malamin da ya bar almajirai suka tafi wanki ba babba, bai isa ya fake da ƙaddara ba, domin 'ya'ya amana ce da Allah zai tambaya, kuma sakaci ba tawakkali ba ne. Wajibi ne a tambayi masunta da Sarkin Ruwa kafin a shiga, a kuma kafa sanda mai ƙyalle a bakin kowane rami.

Sauran illolin sanannu ne. A lanƙwasar kogi ruwa yana cin gaɓar waje ya zube yashi a ta ciki, don haka ba a gini ko noma dab da gaɓar da ke zaizayewa; haka kuma ba a cika wa kwalekwale kaya, kuma ba a fito bayan magariba.