Littafi Ɗaya, Malamai Biyu

Da hutu a Damagum wani maƙwabcinmu ya ara mini Infaƙul Maisuri, tarihin jihadi wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. Tsohon littafi ne, a kasuwar Potiskum ya saye shi. Da na buɗe sai na tarar wani ya riga ni, ya bi gefen shafi da jan alƙalami. Ban san shi ba, amma hannunsa ya nuna fushi gare shi. Duk inda aka ambaci Barno sai ya ƙaryata mawallafin, wani wuri har da zagi.

Da fari na so in rufe littafin, daga baya na ga ashe darasi ne ya zo mini har gida. Ga yadda na yi, ko ya amfani 'yan'uwana masu koyon malanta.

Na farko, na karanta babi duka, sa'an nan na duba gefe, don kada baƙon ya yi mini jagora.

Na biyu, na raba zagi da magana. Zagi ba shi da amsa, magana kuwa ana iya bincikarta. Misali, ya ce mutanen Birnin Gazargamu Musulmi ne sa'ad da Gwani Muktar ya ci garin a 1808. Wannan gaskiya ne.

Na uku, na nemi abin da ya tsallake. Shi Bello da kansa ya sa wasiƙun Shehu Laminu na Barno cikin littafin, inda Shehun ya ce mai salla da azumi saɓo ba ya mai da shi kafiri. Sa'an nan Bello ya kawo tasa hujja, watau Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. A nan jan alƙalamin ya yi shiru. Ashe mawallafin ya fi mai sukarsa haƙurin jin abokin gardama.

To, gobe za a ba ka aji a Damagum ko Fika, ga ɗan Fulani, ga ɗan Barebari, benci ɗaya, kowa da abin da kakansa ya gaya masa. In ka karanta musu ɓangare ɗaya kaɗai, ka tura yaro ɗaya gida da kunya, ɗaya da girman kai. Karanta musu duka biyun, ka tambaye su hujjar kowa.

Kuma littafin aro amana ne. In gardama ta taso maka, rubuta ta a naka littafin rubutu.