Tsarabar Sallah da Shiga Daji: Wane Kaya Ne Ke Ceton Rai?

Bayan Ƙaramar Sallar shekarar 2025 wani ɗan yayana da ke aji biyar na sakandare ya kawo mini wata jaka da kawunsa ya ba shi barka da Sallah. A cikinta akwai wuƙa mai naɗewa, da tocila, da gorar ruwa, da takalmin roba mai tsawo, da gidan sauro. Ya ce shi da abokansa za su je yawon buɗe ido kudancin Kano. Na ce ya jera kayan bisa ga muhimmancinsu. Sai ya sa wuƙa a farko, gora a ƙarshe. Wannan kuskure shi ne darasinmu na yau, domin abubuwan da suka fi cutar da mai shiga daji ƙanana ne, kuma wuƙa ba ta maganinsu.

Inda za a je

Wanda ya bar Kano ya nufi Jos zai bi ta Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa Dajin Falgore kafin ya kai ƙasar Doguwa, inda duwatsun Riruwai suke. A wannan shiyya kuma akwai Madatsar Ruwa ta Tiga a yankin Bebeji, wadda aka kammala a kan Kogin Kano a shekarar 1974. Ƙasa ce da ta fi birnin Kano samun ruwan sama, saboda haka ciyawarta ta fi tsawo, halittunta kuma sun fi yawa. Kada malami ya kai ɗalibai Falgore sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun daji, domin dajin ya sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi.

Gorar ruwa

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin jikin baligi ruwa ne. Idan zafi ya yi yawa, jiki yakan sanyaya kansa da gumi, kuma mai tafiya a ranar bazara yana iya zubar da lita ɗaya cikin sa'a guda. Sallar ta 2025 ta faɗo a ƙarshen watan Maris, tsakiyar zafi ke nan. Alamun ƙarancin ruwa su ne ciwon kai, da jiri, da fitsari kaɗan mai duhu. Da gumi gishiri ma yake fita. Don haka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ba wanda ya galabaita yana kurɓa a hankali.

Idan gora ta ƙare, kada a sha ruwan rafi sai an tace shi da ƙyalle an kuma tafasa shi, a bar shi yana tafasa aƙalla minti ɗaya. Wannan yana kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot. Haka nan a guji wanka a bakin madatsa ko a hanyoyin ban-ruwa. A irin wannan ruwa ne ƙananan dodon-koɗi suke sakin tsutsotsin da ke huda fata su haddasa tsargiya, wato fitsarin jini.

Takalmi da tocila

Waɗannan biyu aikinsu ɗaya ne: kare mutum daga maciji. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kashe mutane a yankunan ciyawa na ƙasar nan. Gajera ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma ta fi yawo bayan faɗuwar rana. Dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Kasa kuwa kwanciya take yi a kan hanya, ba ta gudu. Da yake yawancin sara a ƙafa yake, takalmi mai tsawo da haska hanya da dare sun isa su hana masifa mai yawa. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama.

In an yi sara, kada a tsaga wurin da wuƙa, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya. Ɗauri yana tsare jini, har gaɓa ta ruɓe. A kwantar da mutum, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a hanzarta kai shi asibiti don allurar kashe dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017.

Gidan sauro

A shekarar 1897 wani likita ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro. Macen nau'in Anofilis ce take ɗaukar cutar, kuma da dare take cizo. Zazzaɓin ba ya bayyana nan take, sai bayan mako ɗaya ko fiye. Saboda haka ɗalibin da ya dawo gida lafiya, sannan jikinsa ya yi zafi, a yi masa gwajin jini.

Wuƙa fa?

Tana da amfani wajen yanka igiya da fere rake. Amma ita ce ta ƙarshe a jeri, kuma ba a zuwa da ita makaranta. Yaron nan ya sake jera kayansa, gora a gaba.

Aiki ga ɗalibai

1. Ɗalibai goma za su yi tafiyar sa'a uku a bazara. Lita nawa ta ruwa za su iya rasawa ta hanyar gumi?
2. Me ya sa ba a ɗaure wurin da maciji ya sara?
3. Ku tambayi manoman garinku sunayen macizan da suka sani, da lokacin da suka fi ganinsu, ku kawo wa malaminku a rubuce.