Yadda Ake Haɗa Jakar Wasan Harbin Fenti

Ɗauki ƙwallon fenti ɗaya ka ɗora a tafin hannunka ka duba shi. Girmansa kamar na ƙosasshen ɗan magarya ne, faɗinsa milimita 17, nauyinsa kuma wajen giram 3. Ɓawonsa irin na maganin kafso ne, cikinsa ruwan launi mai ɗan kauri wanda ke fita da wanki. A hannu ba ya ba kowa tsoro. Amma idan ya fito daga bakin bindiga yana iya gudun mita 90 a daƙiƙa guda, wato kilomita 324 a awa, kuma wannan ne iyakar gudun da filayen wasa suke yarda da shi, wasu ma ƙasa da haka suke tsayar da nasu. In ya sami cinya, shati zai bari na 'yan kwanaki. In ya sami ido tsirara, idon na iya tafiya ke nan har abada. Saboda haka ni idan zan haɗa jaka, daga ido nake farawa, sauran kaya su biyo baya, kuma haka zan jero maka su a nan.

Wasan, wanda Turawa ke kira pentbol, a Amurka aka fara shi. A watan Yunin 1981 wasu mutum 12 suka shiga daji a garin Henniker na jihar Niyu Hamsha da bindigogin Nel-Spot, waɗanda asali an ƙera su ne don ma'aikatan gandun daji da masu kiwo su riƙa yi wa itatuwa da shanu alama da fenti daga nesa. Yau ya bazu ko'ina, har Abuja da Legas akwai filayensa, kuma matasanmu suna zuwa rukuni-rukuni ranar Asabar. Da yawa sukan je hannu rabbana, su dawo da kukan ƙishirwa da kumburin yatsa.

Mataki na farko: kira masu filin

Kwana biyu kafin ranar, ɗauki waya. Tambaye su abin da kuɗin shiga ya ƙunsa: bindiga, makarin fuska, rigar wasa, ƙwallaye nawa. Tambayi ko suna barin mutum ya zo da fentinsa, domin filaye da yawa ba sa yarda sai nasu, kuma ba a sassauta wa ɗan wasa wannan doka. In kana da taka bindiga, ka ji wace irin iska suke cikawa. Ka kuma tambayi mafi ƙarancin shekarun da suke karɓa idan da yara za ka je, da ko sai uba ko uwa sun sa hannu a takarda. Wannan kira na minti biyar shi zai gaya maka rabin abin da za ka bari a gida.

Mataki na biyu: makarin fuska

A nan zan daɗe, don nan ne maganar take. In kuɗinka abu ɗaya kawai zai saya, sayi makarin fuska naka na kanka, ka yi hayar duk sauran. Bindigar haya tana harbi lafiya lau. Makarin haya kuwa fuskoki da yawa sun yi gumi a cikinsa, gilashinsa ya sha karce, kuma yawanci falle ɗaya ne, mai saurin yin hazo.

Hazon nan shi ne babban haɗari. Na taɓa gani da idona a wani fili, ana tsakiyar wasa da hantsi, wani saurayi da ke laɓe bayan tayoyi kusa da ni ya daina ganin komai saboda tururin numfashinsa ya rufe gilashin. Sai ya sa yatsa biyu ya ɗaga makarin zuwa goshi zai goge. Alƙalin wasa ya ƙwalla ihu, ya busa usur, ya rugo ya tsaya a gabansa ya kare shi da jikinsa har ya mayar. Kafin a gama tsagaitawa ƙwallo biyu sun fashe a jikin tayar da ke dab da kansa, ruwan rawaya yana gangarowa. Tun daga ranar ban sake shiga fili da makarin da ban gwada a gida ba.

Nemi wanda aka yi musamman don wannan wasa, mai rufe ido da hanci da baki da kunnuwa gaba ɗaya. Duba jikinsa ko kwalinsa ka ga alamar ASTM F1776, ita ce shaidar cewa an gwada shi da harbin fenti. Tabaran walda, tabaran babur, da na ninƙaya duk ba sa aiki a nan, kada wani ya ruɗe ka da arha. Zaɓi mai gilashi falle biyu da iska a tsakani, shi ne ba ya saurin yin hazo. Sa shi a gida ka ɗaure, ka girgiza kai, ka sunkuya, ka yi tsalle. In ya zame, gyara maɗaurin. In kana sa tabaran ƙara gani, gwada su tare tun kafin ka biya kuɗi.

Daren jajibiri ɗaga gilashin a gaban fitila. Tsaga komai ƙanƙantarta ta isa ka canza shi. Ka jefa ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau, guda biyu a jaka. Da ruwa zalla ake wanke bayan gilashin. Kada ka taɓa shi da fetur, ko sinadarin goge gilashin mota, ko takardar goge hannu, domin suna raunana robar ko su karce ta. Falle na ciki kuwa ya fi taushi, dangwala masa ƙyalle kawai ake yi, ba a dirzawa. A cikin jaka a sama yake zama, naɗe a tsohuwar riga, kada nauyi ya danne shi.

Mataki na uku: abin da za ka sa a jiki

Riga mai dogon hannu da dogon wando, tsofaffi, masu duhun launi, masu ɗan yalwa. Yalwar tana da amfani: tufa mai sako-sako tana rage zafin bugu, wani lokaci ma ƙwallon ya dira bai fashe ba. Sai dai kada ka jibga kaya uku-uku don tsoron zafi, musamman a watannin bazara, domin wahalar rana ta fi ta fenti nesa ba kusa ba. Riga ɗaya mai kauri kaɗan da singileti a ciki sun wadatar.

Kaya masu zanen kakin soja ka bar su. A hotunan ƙasashen waje za ka ga 'yan wasa sanye da su, amma a Nijeriya farar hula ba shi da izinin sa kakin soja, kuma ba ka son ka tsaya bayani a shingen bincike da irin wannan wando a jikinka. Baƙi, toka-toka ko ruwan ƙasa sun ishe ka ɓuya.

Wurare uku mutane ke mantawa, kuma su suka fi zafi. Wuya: naɗa masa ƙyalle ko hirami. Yatsu: su ne kullum a waje riƙe da bindiga, don haka safar hannu ta zama dole, ko da irin ta masu aikin lambu ce. Sai gaba, ga maza: a sami makari irin na 'yan wasa, in babu a ƙara gajeren wando mai kauri a ciki. Mata su nemi rigar kare ƙirji, yawancin filaye suna bayarwa in an tambaya, kuma ɗankwali ko ƙaramin hijabi mai kama kai yana shiga ƙarƙashin makarin fuska ba matsala, muddin an cire allurai. Hula mai taushi tana kare tsakar ka. Wanda zai yi rarrafe da durƙuso ya ƙara makarin gwiwa.

Takalmi ya zama rufaffe mai igiya, mai kama ƙasa, in da hali mai riƙe idon sawu. Gurɗewar ƙafa a kan gudu tana kwantar da mutum fiye da duk shatin da zai kwaso. Silifa na bayan wasa ne.

Mataki na huɗu: bindiga da abokan tafiyarta

Mai haya ya tsallake nan, sai dai abu ɗaya: ya tabbatar an ba shi safar bakin bindiga, wato 'yar jakar da ake sa wa bututu a ɗaure da igiya. Duk lokacin da kake wajen fili, inda mutane suka cire makarin fuska, safar nan tana kan bindigarka. Maɓallin kulle kunama shi kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Mai tasa kuwa ya haɗa ta a gida ya gwada kwana ɗaya kafin tafiya. Abu uku ne ke tafiya tare: bindigar, mazubin ƙwallaye da ke zaune a samanta wanda yakan ci kamar 200, da tukunyar iska. Tukunyar iri biyu ce. Akwai ta iskar CO2, mai arha, amma ƙarfinta yana hawa da sauka da zafin gari. Akwai ta matsattsiyar iska, mai ɗaukar ma'aunin psi 3000 ko 4500, wadda harbinta ya fi daidaito. Duba kwanan watan da aka buga a jikinta, domin yawancinsu duk shekara 5 ake sake gwada ƙarfinsu, kuma fili mai bin doka ba zai cika wadda wa'adinta ya wuce ba. Ko kusa kada ka ɗiga mai a bakin cika tukunyar matsattsiyar iska. Mai da iska mai irin wannan matsi suna iya kama wuta.

A 'yar ƙaramar jaka sa alanki na daidaita gudun harbi, zobban roba na ƙari don su suka fi yawan tsagewa iska ta riƙa tsiyaya, man bindigar da kamfaninta ya ce a yi amfani da shi, sandar share bututu, da sababbin batura in bindigar ko mazubin na lantarki ne. Sandar sharewa tana bin ka har cikin fili, domin ƙwallo ɗaya in ya fashe a bututu, duk na bayansa sai su riƙa karkacewa. Mai yawan harbi ya ɗaura ɗamarar robobin ƙari, kowace roba tana cin kamar 140. Da ka isa za a gwada gudun bindigarka da na'ura kafin a bar ka ka shiga. Kada ka taɓa alanki bayan an gwada.

Mataki na biyar: fentin kansa

A leda mai 500 ko kwali mai 2000 ake sayar da shi. A nawa lissafin, sabon shiga da zai yi rabin yini leda ɗaya ta ishe shi, mai saurin hannu kuwa ya tanadi biyu. Ƙwallon nan ba ya son zafi, ba ya son laima. In ya yini a but ɗin mota cikin rana sai ya yi laushi ya manne da juna. In iskar damina ta shige shi sai ya kumbura ya ƙi wuce bututu. Sanyin hunturu da sassafe kuma yakan sa shi gautsi. Ajiye shi a inuwa, bakin leda a ɗaure, kada a sa a firji. Wanda ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan, kada ka tsince shi, yashin da ya kwaso zai ɓata maka bindiga.

Mataki na shida: ruwa, ciki da tsafta

Ruwa lita 3 ga mutum ɗaya a yinin zafi, a cikin kula, kuma a riƙa sha tsakanin kowane zagaye tun kafin ƙishi ya zo. Makarin fuska da gudu suna matse gumi daga jiki fiye da yadda mutum yake zato. Ƙara ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu. Abinci mara nauyi: dabino, ayaba, gyaɗa, burodi. Tuwo ya jira dare.

Sa filasta, bandeji, auduga da maganin wanke ciwo. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihun da hannu zai kai nan take, ya kuma gaya wa alƙalin wasa. Ɗauki tawul, sabulu, kayan canji cikakku, da babbar leda biyu, ɗaya ta tufafin da suka ɓaci, ɗaya ta takalmi. Azahar da La'asar za su same ka a can, don haka buta da sallaya da tufa mai tsabta su shiga jaka. Kuɗi a hannu ma yana da amfani, don fenti yakan ƙare ana tsakiyar daɗi, kuma sabis ba ya da tabbas a bayan gari. Agogo, zobe da waya su zauna a mota ko akwatin ajiya.

Mataki na bakwai: lodi da hanya

Takalmi da kayan gyara a ƙasa, tufafi a tsakiya, makarin fuska a sama. Ruwa da fenti kowanne da mazauninsa daban. Bindiga kuma a kwance ta: cire tukunyar iska, cire bututu, zazzage mazubi, a rufe komai cikin jaka a but. Daga nesa ba kowa ke bambance ta da ta gaske ba, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Riƙe rasiɗin sayenta da shaidar biyan kuɗin fili da katin shaidarka a wuri ɗaya. In an tsayar da kai, faɗi abin da ke cikin jakar da bakinka tun kafin a buɗe, ka bar jami'in ya buɗe da kansa. Kada ka fito da ita a unguwa don ɗaukar hoto, kada kuma yaro ya same ta a gida.

Ɗan'uwa, idan ka isa fili ka saurari bayanin alƙalin wasa har ƙarshe ko da ka sha jin irinsa. Sa makarin fuskarka tun kafin ka tsallake ragar da ta kewaye filin, kuma ko gumi ya cika maka ido, ko an harbe ka ka fita daga wasa, ko igiyar takalmi ta kwance, kada ka ɗaga shi sai ka dawo wajen ragar ka ga kowace bindiga da safa a bakinta.