Allurar Rage Ƙiba: Asalinta, Aikinta da Yadda Ya Kamata a Fahimce Ta da Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Yuni na shekarar 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna Wegovy domin maganin ƙiba. Kafin wannan lokaci, galibi abin da likita yakan gaya wa mai ƙiba bai wuce ya rage ci ya motsa jiki ba, in kuwa abin ya faskara sai a yi masa tiyata a rage girman tumbinsa. Magungunan da ake da su a da ba su taɓuka abin kirki ba, wasunsu ma sai da aka janye su daga kasuwa saboda illa. To, sai ga wata allura da mutum zai yi wa kansa sau ɗaya a mako, nauyinsa ya riƙa sauka a hankali.

Labarin wannan allura ya iso kunnen Hausawa cikin kalmomi biyu, watau "ƙiba" da "allura", kuma kowace daga cikinsu tana ɗauke da tsohuwar ma'ana a zukatan jama'a. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi diddigin maganin, ta bayyana yadda yake aiki a jiki, sa'an nan ta nuna inda waɗannan kalmomi biyu za su iya karkatar da fahimtar mai sauraro idan ba a yi hattara ba.

2.0 Ƙiba a Wurin Bahaushe da Wurin Likita

A al'adance Bahaushe ba ya lissafa ƙiba cikin cututtuka. Idan aka ce wane "ya yi jiki", ko "ya murmure", ko "ya ajiye tumbi", yawanci yabo ake nufi, domin ana ɗaukar abin alamar hutu da wadata. Amaryar da ta yi ɓul-ɓul bayan aure akan ce mijinta ya iya riƙo. Rama kuwa ita ce abin tsoro, ana danganta ta da yunwa ko ciwo ko ɓacin rai. Ba banza ba aka ciro sunan cutar ƙanjamau daga kalmar ƙanjamewa. Wannan ra'ayi ne ya sa har ake samun mata masu shan ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da "sha-ka-fashe" don neman ƙiba. Duk da haka harshen bai rasa ma'auni ba, domin kuwa ya bambanta ƙiba da teɓa, ya kuma bambanta su biyun da kumburi.

Likitoci kuwa da lissafi suke aunawa. Akan ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa da mita wanda aka ninka da kansa. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90, lissafinsa zai ba da 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutumin da ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, wanda ya kai 30 kuwa yana da ƙibar da ake ɗauka lalura. Alƙaluman shekarar 2022 sun nuna mutane sama da biliyan 1 ne ke cikin wannan hali, watau kimanin mutum ɗaya cikin takwas a duniya, kuma yawan abin a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Damuwar likitoci ita ce cututtukan da ke biyo bayan irin wannan ƙiba, kamar ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. A 2013 ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana ƙiba a matsayin cuta mai zaman kanta.

3.0 Asalin Allurar

Tarihin wannan allura daga binciken ciwon suga ya faro. A shekarun 1980 wasu masana suka gano wani sinadari da hanjin ɗan Adam ke fitarwa bayan cin abinci, aka raɗa masa suna GLP-1. Daga cikinsu akwai Joel Habener da Svetlana Mojsov a wani babban asibiti na birnin Bostan a Amurka, da Jens Juul Holst a Jami'ar Kofanhegan ta ƙasar Danmak. Zuwa 1987 an tabbatar cewa wannan sinadari yana sa jiki ya fitar da insulin, watau abin da ke saukar da suga a jini. Sai dai kuma akwai cikas, domin ba ya wuce kamar minti biyu a jini kafin jiki ya rusa shi, don haka bai dace da zama magani ba.

Mafita ta farko daga wata halitta ta zo. A 1992 wani likita mai suna John Eng, a birnin Niyok, ya ba da rahoton wani sinadari da ya samu a dafin wani ƙadangare mai suna Gila, wanda ke zaune a hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Sinadarin yana kama da GLP-1 amma yana daɗewa a jiki na sa'o'i. Daga gare shi aka yi allurar Byetta, wadda aka amince da ita a 2005 don masu ciwon suga, ana yin ta sau biyu a rana.

A ɗaya ɓangaren, kamfanin Novo Nordisk na Danmak, ƙarƙashin jagorancin wata masaniya mai suna Lotte Bjerre Knudsen, ya ɗaura wa sinadarin wani ɗan zaren kitse wanda ke sa shi manne wa wani furotin na jini, ya daɗe bai rushe ba. Da wannan dabara aka samu maganin liragulutayid, na sau ɗaya a rana. Da aka lura masu amfani da shi suna rage nauyi, sai aka amince da shi don ƙiba a 2014 da sunan Saxenda. Bayansa aka samu semagulutayid, mai ɗaukar mako guda yana aiki, wanda ya fito a 2017 da sunan Ozempic don ciwon suga, ya kuma fito a 2021 da sunan Wegovy don ƙiba. Shi kuma kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fito da tirzefatayid, mai kwaikwayon sinadaran hanji biyu a lokaci ɗaya, da sunan Mounjaro a 2022, da kuma Zepbound a 2023. A 2024 aka ba Habener da Mojsov da Knudsen lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki.

4.0 Yadda Take Aiki

Bahaushe yakan ce "cikina ya cika" idan ya ƙoshi, kamar dai ciki wani mazubi ne da ake ɗurawa har ya kai baki. Bincike ya nuna hukuncin ƙoshi a ƙwaƙwalwa ake yanke shi, bisa saƙonnin da hanji da tumbi da kitsen jiki ke aikawa. GLP-1 ɗaya ne daga cikin waɗannan 'yan aike. Abin da allurar ke yi shi ne ta bar wannan saƙo yana ta isa ƙwaƙwalwa dare da rana.

Aikinta ya kasu kashi uku. Na farko, tana rage yunwa da marmarin abinci, mutum ya ƙoshi da ɗan kaɗan. Na biyu, tana jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, musamman a farkon amfani da ita. Na uku, tana sa jiki ya fitar da insulin a lokacin da suga ya hau. Ke nan allurar ba ta narkar da kitse da kanta, ci take ragewa, jiki kuma ya koma kan kitsen da ya tara.

Maganin yakan zo ne cikin wani abu mai kama da alƙalami, ana yin allurar a ƙarƙashin fata, a ciki ko cinya ko dantse. Ga Wegovy, akan fara da miligiram 0.25 a mako, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu, har a kai miligiram 2.4 bayan mako 16. An tsara ta ne don wanda lissafinsa ya kai 30, ko 27 idan yana da wata lalura kamar hawan jini, kuma tare da gyaran abinci da motsa jiki.

5.0 Abin da Gwaji Ya Nuna

A gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2021, an ɗauki mutum 1,961 aka raba su gida biyu, aka bi su mako 68. Waɗanda aka yi wa semagulutayid sun rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuwa sun rage kashi 2.4 kacal. Watau mai kilo 100 zai sauka zuwa wajen kilo 85. A gwajin tirzefatayid na 2022, mai mutum 2,539, waɗanda aka ba mafi girman awo sun rage kusan kashi 21 cikin ɗari a mako 72. Daɗin daɗawa, wani gwajin na 2023 mai mutum 17,604, dukansu masu nauyi fiye da kima da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini amma marasa ciwon suga, ya nuna semagulutayid ya rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin ɗari.

Amma akwai sakamako guda wanda ya fi sauran muhimmanci ga wannan maƙala. An ci gaba da bibiyar wasu daga cikin mutanen gwajin farko bayan an tsayar musu da allurar, aka bayyana sakamakon a 2022. Cikin shekara ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo, kuma sauƙin da suka samu wajen hawan jini da suga shi ma ya fara komawa inda ya fito. Dalili kuwa shi ne jiki yana kare nauyin da ya saba da shi. Da zarar saƙon ƙoshi ya yanke, sai yunwa ta dawo da ƙarfinta.

6.0 Illoli, Tsada da Jabu

Illolin da aka fi gani su ne tashin zuciya da amai da zawo ko taurin bayan gida, galibi a lokacin da ake ƙara awo. Akan kuma samu duwatsu a madaciya, wani jiƙon ma, ko da yake ba safai ba, kumburin fankiriyas, watau halittar da ke yin insulin. Wani kaso na nauyin da ke sauka tsoka ce, abin da ke da haɗari ga tsofaffi. A gwajin ɓeraye an ga wani nau'in ƙari a halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, saboda haka aka hana allurar ga wanda ke da tarihin wannan nau'in ƙari a kansa ko a danginsa. Haka kuma ba a yi wa mai juna biyu.

Ta fuskar kuɗi, a 2023 farashin Wegovy na wata ɗaya a Amurka ya kai dala 1,349. A watan Maris na 2025 kamfanin ya saukar da shi zuwa dala 499 ga masu saye da kuɗin aljihunsu. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne, wanda bai kai dala 50 ba a lokacin, za a ga girman tazarar. Inda kuwa tsada ta haɗu da buƙata, nan 'yan jabu ke samun kasuwa. A ƙarshen 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, sugansu ya faɗi warwas. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabun da aka gano a Burazil da Birtaniya da Amurka. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

7.0 Kalmar "Allura" da Haɗarin Rashin Fahimta

A wurin Hausawa da dama allura ita ce ƙololuwar maganin asibiti. Ana ganin ta fi ƙwaya ƙarfi da saurin aiki, har wani majiyyacin yakan ji kamar ba a duba shi ba idan aka sallame shi ba tare da ita ba. Allurar da jama'a suka fi sabawa da ita kuwa mai wa'adi ce, ko dai ta rigakafi da ake yi a wuce wurin, ko ta zazzaɓi da ake yi kwana biyu ko uku a miƙe. Wanda ya ji "allurar rage ƙiba" da wannan kunne zai ɗauka zai yi ta 'yan makonni, ya rame, ya ajiye. Sakamakon 2022 ya nuna ba haka abin yake ba. Dangin wannan allura su ne maganin hawan jini da na ciwon suga, waɗanda ke riƙe ciwo muddin ana amfani da su. A watan Disamba na 2025, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan waɗannan magunguna, ta bayyana ƙiba a matsayin cuta mai daɗewa mai dawowa, ta kuma yi maganar amfani da su na dogon lokaci ne ga manya.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su fayyace wannan ba. Kalmar "magani" tana da faɗi, ta haɗa mai warkarwa da mai kwantarwa. Amma kowane Bahaushe ya san bambancin "ciwo ya warke" da "ciwo ya lafa". Abin da allurar ke yi lafarwa ce. Saboda haka ya kamata mai fassara ko mai gabatar da shirin lafiya ya guji cewa tana "kawar da ƙiba" ko "narkar da teɓa", ya ce tana "rage ci" ko "danne ƙiba muddin ana yin ta". Haka nan idan ana nufin ƙibar da likita ke kira cuta, gara a ce "ƙibar da ta wuce kima" ko "ƙiba mai lahani", domin kada a rikita ta da murmurewar da ake yi wa barka.

8.0 Kammalawa

An ga yadda binciken sinadarin hanji na shekarun 1980 ya haifar da allurar da ke rage kashi 15 zuwa 21 cikin ɗari na nauyin mutum, da kuma yadda nauyin ke dawowa idan aka daina. An kuma ga cewa yunwa da ƙoshi suna da tushe a halittar jiki, don haka ba daidai ba ne a riƙa jingina kowace ƙiba ga haɗama ko ƙyuya. Tilas ne duk wanda zai fara wannan allura ya san cewa doguwar tafiya zai shiga, mai buƙatar likita da kuɗi da kula da abinci. Isar da wannan bayani ga jama'a cikin kalmomin da ba za su yaudare su ba kuwa, aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban harshen Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan ma'aikatan lafiya.